Ɗan ƙadangare mai gemu a gida mai yara: yaya ake ɗaukarsa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Maigidana ya kawo mana ɗan ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya, duk tsawonsa bai fi tafin hannuna ba. Babban yarona mai shekara 9 ya nace sai ya ɗauke shi, ƙanwarsa mai shekara 3 kuma ba ta barin gaban akwatin gilashin. Da an miƙa hannu sai ya wage baki, ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi baƙi. Cizo zai yi? Ina tsoron mu ji masa ciwo.

Mai Kiwon Ƙadangaru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoro ne, ba faɗa ba. Ku ƙyale shi mako ɗaya ko biyu ya saba da wurin. In lokaci ya yi, kada hannu ya zo masa ta sama, don a tsakar kansa akwai wani ɗan ido mai gane inuwa, sai ya ɗauka shaho ne. Ki zura hannu ta gefe a hankali, ki tallafo cikinsa, ƙafafu huɗun duka su samu wurin tsayawa. Wutsiya kuwa kul! Ba tsaka ba ne, in ta gutsure ba ta sake fitowa. Yaron ya zauna a ƙasa, saboda ƙananan suna zabura su yi tsalle ba zato. Minti 5 zuwa 10 ya isa, jikinsa na saurin yin sanyi in ya bar fitilar da ke ɗumama akwatinsa.

Anti Nas: Ni ta yarinyar nake ji. Ƙadangaru na ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, tana sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa su. Ta kalla ta gilashi kawai. Yayanta ya wanke hannu da sabulu duk sanda ya ajiye shi, ban da sumbata, kuma kada a wanke kwanon ƙadangaren inda ake wanke-wanken gida.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Yau na ga fatar kansa tana ɗayewa, in taya shi cirewa?

Mai Kiwon Ƙadangaru: A'a, saɓa yake yi, ƙanana sukan yi ta akai-akai don suna girma da sauri. Ki bar ta ta faɗi da kanta, ku kuma rage taɓa shi har ya gama. Haka in ya ci abinci, a bar shi ƙarƙashin fitila, da ɗumi yake narkar da shi.