Ina ake samun abinci mai sauƙin kuɗi a Makka?

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Umra, kuma na ji cewa abinci yana da tsada ƙwarai a gidajen cin abinci da ke benen agogo, dogon ginin nan da ke gaban Harami. Don Allah, ina ya kamata mu nufa?

Alhaji Bakano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku bi titin Ibrahim Khalil zuwa unguwar Misfala, domin gwargwadon nisanku da Harami, gwargwadon saukar farashi. A can akwai 'yan uwanmu da suka daɗe suna zaune, suna sayar da tuwo da miyar kuka, abin da na tabbata zai fi kwanta wa dattijuwa a rai fiye da abincin otal.

Malamar Damagaram:
Da safe ku sayi gurasar tamis da wake, da rana kuma farantin shinkafar bukhari guda yana isar mutum biyu. Kazar Al Baik, wani shahararren gidan sayar da soyayyar kaza, ba ta da tsada, sai dai layinta yana da tsawo bayan salla, saboda haka kada ki tsayar da Mama a ciki.

Maman Hafsa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kuma ƙulla mana garin kunu daga gida.