Zanen fuskoki na zamanin Renesans, da wanne zan fara?

Mai Kyamara: Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, sana'ata ɗaukar hoto ce, kwanan nan na kamu da son zanen mutane na Turai na zamanin Renesans, wato zamanin farfaɗowar fasaha da ilimi a can, yadda da ganin mutum ka san attajiri ne ko basarake. Da wanne zan fara?

Malam Buba: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da na Arnolfini da Jan van Eyck ya zana a 1434, yana gidan adana zane na National Gallery a Landan, a shafinsu na intanet za ka iya jawo shi kusa sosai. Shi Arnolfini ɗan kasuwa ne ɗan Italiya mazaunin birnin Bruges da ke Beljiyam a yau. Kar ka tsaya a fuska, duba lemon da ke wajen taga, a lokacin sai mai hali ke cin sa a can, ga koriyar rigar matar da ke tsaye kusa da shi yadi har jan ƙasa yake, bakinta duk gashin dabba. Ba wanda ya riƙe kuɗi a hannu amma ɗakin kaf kuɗi ne.

Maman Ilham: Gaskiya ne Malam, amma ni wallahi telan da mai zane Moroni ya zana ya fi taɓa ni, wajajen 1570, shi ma yana can Landan. Almakashi a hannunsa, baƙin yadi kan tebur an ja masa layi da alli, ya ɗan karkata kai yana kallonka kamar kai ne ka shigo shago. Mai sana'a aka zana da mutunci irin na manya. Babana tela ne, haka yake kallon mutum kafin ya ɗauko tef.

Ɗan Birni: Ka ƙara da sarkin Urbino ta Italiya, Federico da Montefeltro, na Piero della Francesca a gidan adana zane na Uffizi da ke Florence. Ta gefen hagu aka zana shi saboda ya rasa idon dama a wasan mashi kan doki, jar hula jar riga, bayansa kuma ƙasarsa ce shimfiɗe har da jiragen ruwa.

Malam Buba: Af, da Sultan Muhammadul Fatih, sarkin Daular Usmaniyya, na Gentile Bellini, 1480, farin rawani da kambuna a gefe da gefe.

Mai Kyamara: Na gode ƙwarai. Anti, na buɗe telan yanzu, ashe har zobe gare shi a ƙaramin yatsa! Gobe in sha Allahu zan roƙi telan layinmu in ɗauke shi a bakin kekensa.