Muhawara: Sai an kai hukuma kotu ake samun fasfon Jamus?

Baban Khalil: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk wanda ya miƙa takardun neman zama ɗan ƙasar Jamus ya koma gida ya naɗe hannu, kansa ya cuta. Sai ka kai su kotu fayil ɗinka yake motsi. Doka ce ta ba ka dama: in wata 3 suka wuce hukuma ba ta yanke hukunci ba, kuma ba ta da ƙwaƙƙwaran dalili, ka shigar da Untätigkeitsklage, wato ƙarar jan ƙafar hukuma, a kotun harkokin mulki. Me ake jira?

Hajiya ta Neukölln: Wa alaikumus salam. Malam, ka cika zafi. Dubi Berlin kawai. Kafin 2024 kowace gunduma ita ke yin nata. Daga Janairun 2024 aka tattara aikin wuri ɗaya a LEA, ofishin shige da fice na Berlin, suka gaji tsofaffin fayil kusan 40,000 da ba a gama ba. Duk da haka a shekarar sun ba mutum sama da 21,000 takardar zama ɗan ƙasa, alhali a 2023 kusan 9,000 ne. Duk waɗannan kotu suka je?

Baban Khalil: Hajiya, wanda yake cikin 40,000 ɗin nan, lissafinki ba zai kai shi filin jirgi ba.

Ɗan Zango: Ni ba a Berlin nake ba, ina wani gari a yamma, kuma ina bayan Baban Khalil. Na ci jarrabawar Jamusanci ta matakin B1, na ci ta zama ɗan ƙasa mai tambaya 33 ɗin nan da ake son ka samu 17. Na biya yuro 255. Tun daga nan shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardun albashi: ka kai na wata uku, su tsufa a cikin fayil, a rubuto maka a ce kawo sababbi. Ina da jakar leda guda a saman firji, ba komai a ciki sai su. Kuma kullum gabana na faɗuwa kada kamfani ya rage ma'aikata, domin ranar da za su yanke hukunci ake duba ko kana riƙe da kanka, ba ranar da ka nema ba.

Malama Ummi: Allah ya kawo sauƙi, Yaya. Amma a gyara zance ɗaya: kotu ba ta raba fasfo kyauta. In sharuɗɗanka ba su cika ba, ƙarar za ta iya gaggauta maka amsar "a'a" ne kawai. Sannan kuɗi. Ana ƙiyasta irin wannan shari'a a kan yuro 10,000, don haka kuɗin kotu kaɗai ya ɗan haura yuro 800, kai za ka fara biya, ban da na lauya. In kotu ta ga ya kamata a ce an amsa maka tuntuni, hukuma ce ke ɗaukar kuɗin a ƙarshe. In ta ga akwai dalilin jinkiri, sai ta ƙara musu wa'adi, ka koma jira.

Alhaji na Hamburg: Ni abin da ke damuna daban ne. Ma'aikacin da zai zauna ya amsa wa kotu, shi ne dai wanda zai duba fayil ɗin maƙwabcinka. Mai kuɗin lauya ya tsallake layi, mai wanke-wanke a gidan abinci ya ƙara komawa baya. Wanda ya riga ka barci ai shi ya kamata ya riga ka tashi.

Baban Khalil: Alhaji, da girmanka, ba ni na ƙirƙiro layin ba. Su suka sauya doka ranar 27 ga Yunin 2024, shekara 8 ta zama a ƙasar kafin ka nema ta koma 5, aka yarda ka riƙe fasfonka na gida. Sun san mutane za su yi tururuwa. Ga 'yan Siriya da suka shigo a 2015 da 2016, lokacinsu ya cika. A 2024 kusan mutum 292,000 aka ba a faɗin ƙasar, tun shekarar 2000 har zuwa lokacin ba a taɓa kai wannan adadi ba. Wanda ya buɗe ƙofa shi zai ƙara ma'aikata. Ni haƙƙina na nema, ba alfarma ba.

Hajiya ta Neukölln: A nan kam ka yi gaskiya. Kuma jiran yana da haɗari, tunda siyasa na juyawa. Hanyar shekara 3 ta masu Jamusancin C1, ai a Oktoban 2025 majalisa ta soke ta.

Malama Ummi: Akwai wanda ba mu so mu faɗa, kuma namu ne. Ba kowane jinkiri ne laifin ofis ba. Jamusawa ba sa amincewa da takardun Najeriya da hatimi kawai. Ofis na iya tura takardar haihuwa a bincika ta ofishin jakadancinsu, a je har garinku, kai ke biya, kuma watanni yake ci. In fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, shekarar haihuwa a takardar rantsuwar kotu ta bambanta, to wane alƙali ne zai ce hukuma ta yi sakaci? Ga binciken 'yan sanda da na hukumar tsaron cikin gida, shi ma sai ya dawo. (Masu shirin ƙara aure a hutun bana kuma, doka ta hana mai mace fiye da ɗaya. Na dai faɗa.)

Alhaji na Hamburg: Wa kike nufi, 'yata?

Ɗan Zango: Nawa sunan ɗaya ne a ko'ina, Malama. Ba a ce mini ana binciken komai ba.

Malama Ummi: To kai ƙararka na da ƙafa. Amma kafin lauya, rubuta musu wasiƙa ta Einschreiben, wato mai rajista a gidan waya, ka tambayi inda aka kwana, ka ba su wa'adin mako huɗu, ka haɗa sababbin takardun albashi da kwafin izinin zama mai aiki. Ka adana rasit. In sun yi shiru, wasiƙar ce za ka fara nuna wa alƙali.

Baban Khalil: Wato kin dawo kan maganata, sai dai kin biyo ta gidan waya.

Malama Ummi: A'a. Kai ka ce kowa, ni na ce mai cikakken fayil.

Ɗan Zango: Ku bar wannan tukuna. Malama, wa'adin mako huɗun daga ranar da na aika zan ƙirga, ko daga ranar da suka sa hannu sun karɓa?