Digirin masta a fannin ba da shawara ya isa mutum ya zauna da mai ciwon damuwa?

Maman Yusra: Salamu alaikum jama'a. Na ga tallar da ƙanenmu ya turo guruf jiya cewa ya buɗe ofis yana ganin masu ciwon damuwa da masu shaye-shaye, Allah ya sa albarka, amma zan faɗi abin da ke raina. Mastar jagoranci da ba da shawara da muka yi a tsangayar ilimi ba ta isa mutum ya zauna da wanda ke tunanin kashe kansa ba. Don makaranta aka gina kwas ɗin, yaron da ya kasa zaɓar sayans ko at, mai gudun aji, mai tsoron jarrabawa. Firaktikal ɗinmu ma a sakandare muka yi shi.

Ɗan Barnawa: Wa alaikumus salam. Anti da girmanki amma ban yarda ba. Ni ne na buɗe ofis ɗin kuma ban ɓoye takarduna ba. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar masu sana'ar ba da shawara, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, CASSON, ta daɗe tana fafutukar wannan, yanzu sana'a ce da doka ta sani. To in mu da muka karanta manyan masanan fannin irin su Rogers da Ellis da Beck ba za mu saurari mutane ba, wa zai saurare su?

Maman Yusra: Doka ta san sana'ar, na yarda ƙanena. Amma tambayata sau nawa wani babba ya zauna bayanka yana kallon yadda kake magana da mara lafiya, ya gyara maka bayan an fita? Nawa sufabaizan zuwa ɗaya ya yi ya sa hannu a littafi ya tafi, sauran ƙarfinmu duk a tisis ya ƙare, muna raba takardun tambayoyi ga ɗalibai muna lissafi. A Amurka kwas ɗin da CACREP, hukumar tantance kwasa-kwasan ba da shawara, ta amince da shi sai ka yi awa 100 na gwaji sannan awa 600 na aiki ƙarƙashin kulawa kafin ka gama, bayan ka gama ɗin ma yawancin jihohi sai ka ƙara awa dubu biyu ko uku kafin su ba ka lasisi. Ba cewa nake mu kwafi nasu ba, amma awannin nan da dalili aka sa su.

Nas Kware: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙwaƙwalwa, bari in sa baki. Abin da ke tsorata ni ba rashin iya magana ba ne, kun ma fi mu iya rarrashi wallahi. Gane ciwon ne. Mace ta haihu sati biyu ba ta barci tana cewa ana kiran sunanta, wannan ba nasiha take buƙata ba, asibiti take buƙata a ranar. Matashi ya zo da fara'a da surutu yana kashe kuɗi yana jin ya fi kowa, ka ɗauka ya warke daga damuwa alhali ciwon ne ya juya ɗaya ɓangaren. Wani ma matsalar tayiroid ce irin mai kawo maƙoƙo ko farfaɗiya ko ƙwaya ya sha. Wanda bai taɓa zagaya wod ba zai yi wata uku yana ba shi shawara da kyakkyawar niyya, ciwo na ƙara nisa.

Malam na Tudun Wada: Duk na ji ku, amma ku sauko ƙasa mana. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Yobe kafin ya kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Maiduguri ya sayar da akuya. Ku tuna Rigasa a Satumbar 2019, mutum sama da 300 'yan sanda suka fito da su daga gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa, iyayensu ne suka kai da yawa daga cikinsu don ba su da inda za su kai. In kun hana mai masta, ba wurin likita za su tafi ba, can za su koma. A Zimbabwe Dokta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna zama shida da mai damuwa, kuma aka gwada aka ga yana aiki. Ba su da digiri ko ɗaya.

Nas Kware: Malam misalinka ya goyi bayan Maman Yusra ne ai. Kakannin nan ba sakinsu aka yi ba, akwai masu duba aikinsu, kuma an koya musu daidai inda za su tsaya su miƙa mutum gaba. Haka tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya yake tun 2008, a koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane ya taimaka ya tura. Ko Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa da ya fara tsarin kula da marasa lafiya a gidajen ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, amma asibiti na kusa yana sa ido.

Ɗan Barnawa: To ai ni ma ina turawa, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Abin da ke min ciwo shi ne a ce laifinmu ne. Na nemi a bar ni in riƙa zama a wani asibiti kyauta don in koya, aka ce ba su da gurbin irinmu, masu saikoloji na asibiti kawai suke ɗauka. Ƙofa a rufe sannan a ce ba ka shiga ba.

Maman Yusra: Nan kam gaskiyarka, kuma shi ya sa na ce kwas ɗin nake zargi ba kai ba. Sashenmu da sashen likitancin ƙwaƙwalwa a jami'a ɗaya suke amma ba sa ko gaisawa. Me zai hana a raba mastar gida biyu, mai son makaranta ya bi nasa, mai son lafiyar ƙwaƙwalwa ya yi semista biyu cur a asibitin koyarwa, kuma a koyar da shi yadda zai yi zaman da Hausa, don duk littattafanmu da Turanci suke, ranar da uwa ta ce maka aljanu ne suka taɓa 'yarta babu babin da ya gaya maka yadda za ka amsa ba tare da ka raina imaninta ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma manhajarmu ba ta motsa ba.

Malam na Tudun Wada: Kafin a gyara manhaja shekara nawa? Ni dai ra'ayina yaron nan ya ci gaba da aikinsa.

Nas Kware: Ya ci gaba, amma ya cire shaye-shaye daga tallar har sai ya samu likitan da za su haɗa hannu, don mai janyewa daga giya ko ƙwaya yana iya shiga jijjiga a gabansa. Ƙanena ka yi min magana ta gefe, akwai wani babbanmu da ke karɓar masu son koyo ranar Laraba, zan tambaye shi.

Ɗan Barnawa: Na gode Anti, zan yi miki magana bayan Isha'i. Amma maganar cewa mastarmu ba ta isa ba har yanzu ban sauka ba.