Waɗanne abubuwa ne gajeren labari ba ya tsayuwa sai da su?

Ummu Sudais:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Na saba rubuta dogayen labarai da nake fitarwa kashi-kashi a zaurukan WhatsApp, amma bana ina so in gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ke karɓar labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Labarina na wata mata ce da ke dab da fita takaba, sai ta tarar da wata takarda a cikin kayan mijinta da ke nuna cewa wani maƙwabcinsu yana binsa bashi mai nauyi, maƙwabcin kuwa ya riga mijin rasuwa, magadansa ba su san da zancen ba. Idan ta fito da takardar, dole a biya bashin kafin a raba gado, wanda hakan zai kai ga sayar da gidan da marayunta suke ciki. Na fara da tasowarta da aurensu da jinyar mijin, sai kalmomin suka ƙare ban ma iso wurin takardar ba. Ina roƙon a fayyace mini abubuwan da suka wajaba a cikin gajeren labari, da kuma waɗanda za a iya zubarwa.

Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam, Malama. A nazarin rubutun zube akan duba jigo, da zubi da tsari, da taurari, da salo, da kuma wuri da lokaci, kuma duk waɗannan suna nan a gajeren labari kamar yadda suke a dogo. Bambancin yana wajen adadi ne, domin dogon labari yana iya ɗaukar rigingimu da yawa masu sarƙe da juna, shi kuwa gajere ƙulli ɗaya kawai yake iya ɗauka ya warware shi da kyau. Marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, ya yi wannan bayani tun 1842, inda ya ce labari irin wannan a zama ɗaya ake karance shi, don haka ya kamata kowace jimla ta yi aiki wajen samar da tasiri guda a zuciyar mai karatu.

Ƙullin labarinki shi ne takardar bashin, kuma ƙulli ne mai ƙarfi ƙwarai, domin ya sa tsoron Allah da tausayin 'ya'ya sun yi karo a zuciyar mutum ɗaya, babu kuma hanyar da za ta bi ba tare da ta rasa wani abu ba. Saboda haka nake ba ki shawara ki soma daga daren da za a wayi gari a raba gadon, tana zaune da takardar a hannunta. Tasowarta da bikinta ba sa ƙara wa wannan ƙulli komai, sai a bar su. Jinyar mijin tana da amfani idan ita ce ta jawo cin bashin, amma jimla biyu sun wadatar, kuma a bakin wani tauraro za ta fi daɗin fitowa, misali ƙanen mijin ya ambaci kuɗin asibitin da har yanzu yake mamakin inda aka samo su. Da wannan maganar kaɗai mai karatu zai gane abin da ƙanen bai gane ba.

Taurari ma a taƙaita su. Matar, da ƙanen mijin, da mutum ɗaya daga gidan maƙwabcin sun isa.

Hajiya Mai Alƙalami:

'Yar'uwa, na goyi bayan Malam, amma zan ja hankalinki kan taurarin, domin a nan ne mu da muka fito daga rubutun kashi-kashi muka fi samun tangarɗa. Mun taso da tatsuniya, inda Gizo yake nan da halinsa na wayo da kwaɗayi daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus", kuma mai saurare bai taɓa sa ran zai sauya ba. Gajeren labari na zamani yana bukatar mutum wanda abin da ya faru zai taɓa shi har ya bar shi a wani hali daban da wanda muka same shi. Idan kika nuna matar nan tun jimlar farko a matsayin salihar da ba ta taɓa tunanin ɓoye takardar ba, labarin ya mutu, domin kowa ya san inda za a kwana. Bari mu ga ta ɗauki ashana, ko ta mayar da takardar ƙasan akwati ta kulle, ta kuma kawo wa kanta hujjoji masu kama hankali, irin su cewa ai babu shaidu, ai magadan maƙwabcin suna da rufin asiri.

Kada kuma a mayar da ƙanen mijin azzalumi don kawai a tausaya mata. Idan mutumin kirki ne da ke fafutukar ganin gidan ya tsaya a hannun marayu, nauyin da ke kanta ya ninka, tunda gaskiyar da za ta faɗa za ta rushe ƙoƙarin mai son 'ya'yanta ne. Ki kuma zaɓi murya ɗaya ki tsaya a kanta. Ko dai ita ta ba da labarin da bakinta, ko mai ba da labari ya bi ta shi kaɗai, kada ya riƙa leƙa zuciyar kowa, domin kalmomi 1,500 ba za su ishi zukata uku ba.

Ɗan Tudun Wada:

Malamai, da izininku ina da ɗan saɓani game da dogaro da ma'aunin Poe shi kaɗai. Adabinmu yana da nasa tafarkin. A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, aku ne yake ba da gajerun labarai a cikin wani babban labari, kuma da yawansu suna ɗauke da darasi a fili. Mai karatun Hausa har gobe yakan tambayi abin da labari yake koyarwa, kuma ba na ganin wannan tambaya a matsayin aibi. Abin da nake gani aibi shi ne marubuci ya dakatar da labari ya hau mumbari. A labarin Malama, hukuncin biyan bashi kafin rabon gado sananne ne ga duk Musulmi, saboda haka babu bukatar a kawo wani malami ya yi dogon wa'azi a kansa. Ya isa mai rabon gadon ya yi tambayar da aka saba yi, wato ko akwai wanda ya san mamaci da bashi ko wasiyya, kowa ya ce babu, sai kallo ya koma kanta. Wannan tambaya ita ce ƙololuwar labarin, kuma duk abin da ya gabace ta shiri ne na isowa gare ta.

Ummu Sudais:

Allah ya saka da alheri. Saura batun ƙarshe. Shin sai na nuna abin da ya biyo baya, kamar sayar da gidan ko yafewar magadan maƙwabcin?

Malamin Adabi:

Ba dole ba ne, Malama, kuma ina ba ki shawara ki guji yafewar, domin idan magadan suka yafe nan take, an mayar da tashin hankalin da ta kwana a ciki kamar bai da dalili, mai karatu kuma zai ji an sauƙaƙa wa marubuciya hanya ne. Tambayar da kika ɗora labarin a kanta ita ce ko za ta fito da takardar ko za ta yi shiru, don haka da zarar ta amsa wa mai rabon gado, labarin ya cika. Kina iya ƙara sakin layi ɗaya da zai nuna yadda ƙanen mijin ya karɓi maganar, tunda shi ne wanda amsar za ta fi girgizawa a cikin mahalarta zaman. Kalmomin da kika tsimi daga bikin da jinyar sai ki zuba su a daren da ya gabaci rabon gadon, musamman hirarta da babbar 'yarta idan kina son ƙara tauraro na huɗu.