Ceri ko ƙwaya? Muhawarar da yatsan Kawu ya tayar

Kawu Sule: Salamu alaikum. Kwana uku ke nan ban taka masallaci ba. Babban yatsan ƙafata ya kumbura suntum yana sheƙi, ko bargo ya taɓa shi sai in ji kamar an ɗora garwashi. Likita ya ce gawut ne, wani ciwon gaɓa da taruwar sinadarin yurik asid a jini ke kawowa, nawa ya kai 9, ya rubuta min allopurinol, ƙwayar da ke rage shi. To ga Bashir ya ce in mutum na cin ceri ba ya buƙatar ƙwaya. Yaya abin yake?

Bashir: Allah ya ƙara sauƙi Kawu. Ba da ka na faɗa ba. A 2012 masana a Jami'ar Boston ta Amurka sun bibiyi masu gawut 633, suka ga wanda ya ci ceri cikin kwana biyu, haɗarin tashin ciwon na raguwa da kashi 35 cikin ɗari. Sinadarin da ke sa shi ja, antosayanin, shi ke kwantar da kumburi.

Gwaggo Rabi: Wai ceri ba agwaluma ba ce? Ga ta nan jibge a Kasuwar Barci, yanzu ma lokacinta ne.

Hauwa: A'a Gwaggo, agwaluma daban. Suna ne kawai ya haɗa su, don wasu na ce mata cerin Afirka. Wancan ɗan itacen ƙasashen sanyi ne, irin su Turkiyya da Amurka. Bashir kuma, ai rabin labarin ka kawo. A wannan binciken dai, waɗanda suka haɗa ceri da allopurinol su ne haɗarinsu ya ragu da kashi 75. Ina aka ce a ajiye ƙwaya a nan?

Bashir: Yaya Hauwa, ku masu kemis ai dole ku kare ƙwaya.

Hauwa: Allopurinol ɗin da ba ya cikin magunguna masu tsada? Da riba nake nema da cerin zan sayar. Ka tsaya ka ji. Mutanen nan ba raba su gida biyu aka yi aka ba wasu ceri aka hana wasu ba, tambayarsu aka riƙa yi ta intanet me suka ci. Mai kula da kansa har ya nemi ceri, wataƙila shi ne kuma mai rage nama da lemon kwalba. Da aka gwada a Niyu Zilan a kan masu gawut 50, aka ba wasu tataccen ruwan ceri wasu kuma na bogi na kwana 28, cerin bai sauko da yurik asid ɗinsu ba. A 2020 aka fitar da sakamakon.

Bashir: Mutum 50, kwana 28 kacal. Wannan ma ai bai isa yanke hukunci ba.

Hauwa: Wannan kam na yarda da kai. Ban ce ceri banza ba ne, mai yiwuwa yana rage kumburi. Amma kumburi hayaƙi ne. Wutar ita ce gishirin yurik asid da ke daskarewa cikin gaɓa kamar ƙananan allurai, kuma ba ya narkewa sai awon jini ya sauka ƙasa da 6 ya zauna a nan wata da watanni. Kawu yana 9.

Umar: Ni tambayata ɗaya, a ina za a samo shi? Na taɓa ganinsa a wani babban kanti a Unguwar Rimi, ɗan mazubi kamar tafin hannu, da na ga kuɗin sai na mayar a hankali. Na kwali kuma sukari ne zalla.

Hauwa: Sukarin lemo kuwa shi kansa yana ɗaga yurik asid.

Gwaggo Rabi: Ku bar wani ceri. Ku tambayi kawunku kwano nawa na farfesun kayan ciki ya sha a wajen suna a Kawo ranar Asabar. Hanta da ƙoda ya riƙa tsamowa, ina kallonsa.

Kawu Sule: Rabi, ba a nan za ki tona min asiri ba. Biyu ne.

Hauwa: Shi ya tayar da shi, Kawu. Amma ko kun daina nama gaba ɗaya, da wuya abinci kaɗai ya sauko da 9 zuwa 6, don yawanci ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Kuna shan maganin hawan jini mai sa fitsari? Wasunsu na ƙara shi, ku nuna wa likita kwalin. Kuma kada ku yi ta haɗiyar diclofenac don rage zafi, yana taɓa ƙoda.

Kawu Sule: Ina sha. Kuma gaskiya bara ma an ba ni allopurinol ɗin, sati biyu da farawa ciwon ya tashi, na ce maganin ne bai karɓe ni ba, na watsar.

Hauwa: Haba Kawu! Ai haka yake yi da farko, tsohon gishirin ne ke motsawa. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, a haɗa da colchicine, maganin da ke hana ciwon tashi. Abin da zai sa ku tsaya nan take ku koma asibiti shi ne ƙuraje su feso muku a jiki.

Bashir: Ni dai zan nemo cerin, ko busasshe ne daga Abuja.

Hauwa: Nemo, ya ci bayan ya sha ƙwayarsa.

Kawu Sule: To Umar, ka zo da mota gobe bayan azahar ka mayar da ni wurin likita, takalmi ba ya shiga. Rabi, agwalumar ma a kawo, bakina ba daɗi.