Tumatirina ya ƙi girma, ga shi har ya fara fure

Assalamu alaikum manoman lambu. Ni sabon shiga ne, a nan Maradi. Na dasa tumatir irin Roma cikin bokitai masu huji a gindi, yau kusan wata biyu, amma tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Karan siriri, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, na sama ya nannaɗe. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya fara fure a haka, furen kuma zubewa yake.

Ƙasar jigawa ce na haɗa da takin awaki. Na rage ban ruwa zuwa safiya kaɗai, ba canji. Na zuba takin zamani NPK 15-15-15 ɗan kaɗan, sai bakin ganyen ya ƙone. Na kai bokitan inuwar dogon yaro, nan ma shiru.

Da na tuge guda ɗaya na duba, saiwar gajera ce, duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero, ko an murza ba sa fita.

Don Allah, wannan ƙullin saiwa yana da magani, ko in tuge duka in canja ƙasa?